Yadda Ake Gane Ma'ajiyar Kwandala daga Rinin da ke Jikinta

Kwandalar azurfa ba ta dawwama fara fat yadda ta fito daga gidan buga kuɗi. Da zarar ta sha iska sai sinadaran farar wuta da ke yawo a cikin iskar, da waɗanda takarda da kwali da yadi da roba ke fitarwa a hankali, su fara haɗuwa da fuskarta, har wani siririn shafi ya kwanta a kanta. Wannan shafi shi masu tara kwandaloli ke nufi idan suka ce kwandala ta rinu. Da yake kowace irin ma'ajiya tana da inda take taɓa kwandala da inda take rufe ta da kuma inda take barin iska ta shiga, rinin ba ya hawa barkatai. Yana bin surar abin da kwandalar ta kwanta a ciki, kuma wanda ya koyi karanta surar zai iya cewa wannan a buhu ta daɗe, waccan a albam, ita kuwa ɗayar a ambulan, ko da babu wanda ya ba shi tarihinsu. Ina ganin wannan ilimi ya wajaba ga duk mai saye ko mai ajiya, domin da shi ake bambanta rinin shekaru da rinin da aka yi jiya a kan murhu.

Kafin a shiga alamomin, ya kamata a san dalilin da ya sa ake ganin launuka daban-daban, alhali kuwa abin da ya kwanta a kan azurfar iri ɗaya ne. Shafin siriri ne ƙwarai, kaurinsa daga gomman nanomita ne zuwa 'yan ɗaruruwa, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Idan haske ya sauka, wani ɓangare yana dawowa daga saman shafin, wani kuma yana ratsa shi ya bugi azurfar sannan ya dawo, haɗuwar biyun ce ke kashe wasu launuka ta fito da wasu, kamar dai yadda ɗigon fetur ke yin bakan gizo a kan ruwa. Saboda haka launi ma'aunin kauri ne. Shafi mafi siranta yana ba da rawaya mai haske, idan ya ƙaru sai ya koma ruwan zuma, sannan ja-ja, sai shunayya, sai shuɗi, sai shuɗi mai haske. Daga nan launukan kan sake zagayowa da ƙarfi, a ga rawaya da ja da kore, har shafin ya yi kaurin da haske ba ya iya ratsa shi, kwandala ta yi baƙi ƙirin. A riƙe wannan jeri da kyau, domin rinin gaskiya ba ya tsallake mataki, kuma duk inda launi ya fi nisa a jerin, nan ne tushen farar wutar ya fi kusa.

Yadda ake dubawa

Ka shimfiɗa ƙyalle mai laushi a kan tebur, ka kashe sauran fitilu ka bar guda ɗaya tak, ka riƙe kwandalar ta bakinta da yatsu biyu, kada fatarka ta taɓa fuskarta. Ka riƙa karkata ta a hankali a ƙarƙashin fitilar kana juyawa, da ido kawai tukuna, sannan ka ɗauki gilashin ƙara girma mai ninki 5 zuwa 10. Kada ka yi magana kwandalar tana daf da bakinka, domin ɗigon yawun da ido ba ya gani yakan zama baƙin tabo bayan watanni, musamman a kan jan ƙarfe. Abubuwa uku kake nema. Shin fuska ɗaya ce ta rinu ko duka biyun? A ina rinin ya fi kauri, a baki ko a tsakiya ko a gefe guda? Sannan iyakarsa, narkewa take yi sannu a hankali ko kuwa a yanke take? Amsoshin nan su ne ke kai mutum ga ma'ajiyar.

Buhu

Babu inda aka fi ganin rinin buhu kamar a dalar azurfa ta Amurka da ake kira dalar Morgan, wadda aka buga daga 1878 zuwa 1904, aka kuma sake bugawa a 1921, kashi 90 cikin 100 nata azurfa ne, sauran jan ƙarfe. An buga ta fiye da yadda jama'a ke buƙata, don haka aka riƙa zuba ta dubu-dubu a cikin buhunan yadi masu kauri ana jibgewa a taskokin gwamnati da na bankuna, wasu buhunan suka shekara fiye da 60 ba a kwance bakinsu ba. A farkon shekarun 1960 mutane suka yi ta kwasar su daga Baitulmalin Amurka, abin da ya rage kuma, kusan miliyan 2.9 waɗanda akasarinsu bugun gidan buga kuɗi na garin Carson City ne, hukumar GSA mai kula da kadarorin gwamnatin Amurka ta sayar da su tsakanin 1972 da 1980.

Ka yi tunanin yadda kwandala dubu ke zama a cikin buhu ɗaya. Na tsakiya 'yan uwansu sun kewaye su ta ko'ina, iska ba ta kai gare su, shi ya sa suke fitowa farare. 'Yan kaɗan da ke jingine da jikin buhun su ne ke rinuwa, kuma fuskar da ke kallon yadin kawai, ta bayan tana nan fara ko kuwa ta ɗan yi rawaya a baki. Wannan ce alama ta farko. Ta biyu ita ce jinjirin wata. Sau da yawa wata kwandalar takan hau rabin fuskar ta rufe ta, sai ɓangaren da ya leƙo ne kaɗai ya rinu, ya bar lanƙwasar launi a gefe guda. Akwai gwaji mai sauƙi a nan da nake ƙarfafa a riƙa yi. Faɗin dalar Morgan milimita 38.1 ne, don haka lanƙwasar jinjirin dole ta dace da bakin wata dala mai wannan faɗin. Idan ka ga lanƙwasar ta fi tsukewa, kamar an ɗora ƙaramin murfi ne aka rina sauran, akwai abin tambaya. Sannan launukan sukan jeru daga iyakar jinjirin zuwa bakin kwandalar bisa tsarin da na ambata, rawaya a inda iska ta sha wahalar shiga, shuɗi da kore a inda ta samu sarari.

Alama ta uku ita ce masu tara kwandaloli suka fi so, wato zanen saƙa. Inda nauyin buhu ya danne kwandala a jikin yadi shekara da shekaru, zaren kan bar sahunsa, ka ga ƙananan ɗige-ɗige a jere, layi bayan layi, galibi a wuraren da suka fi tudu kamar kumatun hoton matar da ke fuskar dalar. A ƙarƙashin gilashi za ka lura ɗigon ba su yi daidai da juna cif ba, wasu sun dushe inda yadin bai matse ba. Da wuya kuma a samu kwandalar buhu da ba ta da 'yan ƙananan sara da ƙarce daga karo da 'yan uwanta, kuma rinin yakan kwanta har cikin saran, domin saran ya riga shi zuwa.

Albam da katin kwali

Rinin albam ya sha bamban. Tun daga wajen 1930 albam irin na dillalin kwandala Wayte Raymond suka yaɗu a Amurka, shafukansu kwali ne mai kauri da aka huda ramuka daidai girman kwandala, aka sa siraran robobi masu haske gaba da baya, waɗanda ake zarewa a mayar. Bakin kwandala ne kawai ke taɓa kwalin, kuma daga kwalin farar wutar ke fitowa, sai rinin ya faro daga baki yana shiga ciki a zagaye, zobe cikin zobe, mafi duhu a waje, mafi haske a tsakiya. Kwandalar da ta shekara 20 ko 30 a irin wannan albam takan fito da shuɗi ko shunayya a baki, ruwan zuma a bayansa, tsakiyarta kuma fara. Saboda ramin a buɗe yake ta ɓangarorin biyu, fuskokin biyu sukan rinu kusan daidai, kuma idan ka dubi kaurin bakin, inda zarge-zargen nan suke, za ka tarar ya fi ko'ina duhu. Ka nemi kuma wata shaida da albam ke bari, wadda ba a so: siraran layuka a kwance, duk sun nufi waje ɗaya, a kan wuraren da suka fi tudu, waɗanda robar ta yi a duk lokacin da aka zare ta.

Akwai kuma littafin kwali mai naɗewa, irin shuɗin nan na kamfanin Whitman da ya fito a wajen 1940, inda ake danna kwandala cikin rami mai takarda a bayansa. A nan fuskokin ba sa yin daidai, domin ɗaya tana shan iska, ɗayar tana manne da takarda, kuma ba abin mamaki ba ne a ga sahun babban yatsan da ya danna ta ya rinu a tsakiyar fuskar gaba.

Wasu rabin daloli na tunawa da aka sayar a Amurka a shekarun 1930 sun zo a cikin kati mai ramuka da wani ɗan harshen kwali da ya gitta kan kowace kwandala don ya riƙe ta. Wadda ta daɗe a ciki takan fito da surar harshen a fuskarta, ɗamara miƙaƙƙiya mai kaifin iyaka, galibi mafi haske fiye da kewayenta. Haka kuma jerin kwandalolin da gidan buga kuɗin Amurka ya sayar daga 1947 zuwa 1958 a cikin kwali mai rufin takarda sun yi suna wajen rini mai ƙarfi, sau da yawa mai dabbare-dabbare. Anan sanin tarihi ke aiki, domin alamar harshen kwali a kan kwandalar da ba a taɓa sayarwa a irin wannan kati ba, ba ta da mazauni.

Ƙunshin takarda da ambulan

Bankuna kan naɗe kwandaloli a takarda su yi sanda, a lanƙwashe bakin takardar a kan ta ƙarshe. Biyun da ke bakin sandar su ne ke ɗaukar rini, a fuskar da ke waje kawai, kuma surar naɗin takardar ce ke fitowa: layuka miƙaƙƙu masu kusurwa da suka yanka fuskar gida-gida, kowane gida da launinsa gwargwadon yawan takardar da ta rufe shi. Idan inji ne ya murɗe bakin takardar, za a ga zobe a gefe da buɗaɗɗiyar tsakiya. Na cikin sandar kuwa bakinsu ne kawai ke yin duhu.

Ambulan ba shi da zane, kuma rashin zanen shi ne alamarsa. Ƙaramin ambulan na takarda mai ruwan ƙasa, wanda tsoffin dillalai suka yi ta amfani da shi, ana sarrafa takardarsa ne da sinadaran farar wuta, ga shi kuma ya lulluɓe kwandala gaba da baya. Sakamakon shi ne rini mai laushi da ya game ko'ina, ruwan toka ko ruwan zuma ko shunayya mai duhu, ba tare da iyaka mai kaifi ba, kodayake wani lokaci ɗinkin ambulan ɗin ko gefen da ya fi kusa da bakinsa kan bar ɗan bambanci. Idan aka manta da kwandala a ciki ta wuce kima, baƙi take yi, kuma daga wannan matakin ƙyallin ƙarfen da ke ƙasa ya riga ya ci.

Akwatin katako

Kafin zuwan albam, masu tara kuɗi a Turai akwatin katako suke amfani da shi, mai faifai-faifai da ake jawowa, kowace kwandala tana kwance a raminta a kan ɗan ƙyallen ulu. Ulu yana fitar da farar wuta a hankali ƙwarai, don haka rinin da ake samu bayan shekaru masu yawa ruwan toka ne mai zurfi, wanda ya fi duhu a kewayen haruffa da cikin lungunan hoto, idan aka karkata shi kuma sai a hango shuɗi ko ruwan zinariya a ƙarƙashi. A ganina babu rinin da ya kai wannan kwarjini a kan tsohuwar azurfa. Fuskokin biyu sukan ɗan bambanta, tunda ɗaya ce ke kallon sama, kuma wuraren da suka fi tudu kan nuna ɗan gogewa daga zamewar kwandala a kan ƙyallen duk sanda aka jawo faifan. An fi son katakon mahogani da ya bushe sosai don wannan aiki, ana kuma guje wa katakon itacen oak, saboda yana fitar da tururin asid mai cin dalma da jan ƙarfe.

Jan ƙarfe da zinariya ba sa bin wannan tsari sosai. Jan ƙarfe daga ja yake tafiya zuwa ruwan ƙasa, shi ya sa kamfanonin tantance kwandala, masu duba ingancinta su ba ta maki, ke rubuta RD ga mai ja, RB ga mai tsaka-tsaki, BN ga mai ruwan ƙasa. Zinariya kuwa da ƙyar take sauyawa, sai dai jan ƙarfen da aka gauraya ta da shi ya fito da 'yan jajayen tabo.

Abin da ba rini ba ne

Wasu ma'ajiyun ɓarna suke yi, kuma dole a gane su da wuri. Mafi yawan ta'adi daga ledar PVC yake zuwa, wato 'yar jakar roba mai laushi da santsi wadda ba ta karyewa idan an lanƙwasa ta, mai warin sabuwar roba. Man da aka sa don ya tausasa ta yakan tsattsafo ya kwanta a kan kwandala, da farko kamar hazo, daga baya ya zama kore mai danƙo a wuraren da suka taɓa ledar, yana kuma ɗauke da asid da ke huda ƙarfe. Bambancinsa da koren rini a bayyane yake a ƙarƙashin gilashi: wannan tudu yake yi a kan fuska, yana da maiƙo, ba ya sauya launi idan ka karkata kwandalar. Ruwan sinadarin asiton tsantsa yana narkar da shi ba tare da ya taɓa rinin gaskiya ba, a jiƙa kawai ba gogewa, a wuri mai iska nesa da wuta, kuma kada a yi amfani da na goge farce domin yana da gauraye. Ramukan da asid ya riga ya yi ba sa komawa. Kwandala mai tsada kuwa gara a miƙa ta ga ƙwararru.

Robar ɗaure kuɗi tana da farar wuta mai yawa, takan bar baƙin layi siriri ko da ta bayan leda aka ɗaura ta. Fil ɗin da ake danne katin kwali da shi yakan yi tsatsa ya bar tabo, ko ya ƙarci kwandala wajen fitarwa, ƙurar kwalin kuma da ta maƙale a ciki takan zama ɗige-ɗigen baƙi.

Rinin ƙarya

Tunda kwandala mai kyakkyawan rini takan ninka farar 'yar uwarta kuɗi, akwai masu haɗa rinin da zafi ko hayaƙi ko ruwan sinadari. Kamfanonin tantancewa irin su PCGS, wanda aka kafa a 1986, da NGC na 1987, ba sa ba irin wannan kwandala cikakken maki idan suka gane. Abin da ya fi tona asirinta shi ne surar rinin ba ta dace da kowace ma'ajiya ba. Za ka ga shuɗi da shunayya masu ihu sun bazu ba tushe, ko launi ya tsallake mataki, ko alamar kwararar ruwa da ta taru ta bushe a gefe. Rinin shekaru yana la'akari da tudu da kwari, launin da ke kan harafi ya bambanta da na filin da ke kewaye da shi, kuma a dalar Morgan sau da yawa akan ga ɗan siririn fari a jikin taurari da lambobin shekara ta ɓangaren baki, inda ƙarfen ya miƙe lokacin bugu har ya ƙi karɓar rini da sauri. Na ƙarya kan haye tudu da kwari da launi ɗaya. Ka duba ƙyalli ma: idan ka juya kwandalar gaskiya hasken yana zagayawa a ƙarƙashin launin, wadda aka ƙona kuwa fuskarta a mace take. Babu ɗaya daga cikin alamomin nan da ke yanke hukunci shi kaɗai, ƙwararru ma suna saɓani a kan wasu kwandalolin, don haka idan kuɗin yana da yawa ka tsaya ga wadda aka tantance.

Abin da za ka yi da naka

Kada ka goge kwandala don ta yi fari, ko da man goge azurfa, ko da ƙyalle. Ruwan tsomawa da ake sayarwa yana cire rinin ne tare da azurfar da ta shiga cikinsa, kowace tsomawa tana rage ƙyallin asali, kuma ba ya dawowa. Idan rinin da ke kanta ya yi maka, aikinka shi ne ka tsayar da shi inda yake, domin muddin tana cikin ma'ajiyar da ta rina ta, tafiya take yi zuwa baƙi. Ka fitar da ita ka sa a ƙoƙon roba mai tauri da ke rufewa ruf, ko ledar Mylar wadda ba ta da PVC, ka ajiye a wuri busasshe da zafinsa ba ya hawa da sauka, tare da ƙunshin silika mai tsotse laima wanda za ka riƙa sauyawa. Ka nisanta ta da ulu da roba da jarida da sabon fenti.

Gidajen tarihi da yawa ba sa yarda da kayan ajiya sai sun gwada, ta hanyar da Andrew Oddy ya ƙirƙiro a gidan tarihin Birtaniya a 1973, inda ake rufe kayan tare da gutsuren azurfa da jan ƙarfe da dalma a zafin digiri 60 na ma'aunin Salshiyos har kwana 28, a ga ko ƙarafan za su sauya. Kai ma kana iya kwatanta shi a sauƙaƙe: ka rufe sabon albam ko ƙyallen da kake shakka tare da wata azurfa marar daraja da ka wanke tas, a wuri mai ɗumi, ka duba bayan 'yan makonni. Idan ta fara rawaya, kayan ba su dace da kwandalolinka masu daraja ba. Tsohon ambulan ko katin da kwandala ta zo da shi kuwa kada ka jefar, ka ajiye shi daban a cikin leda, ka rubuta wace kwandala ce ta fito daga cikinsa, ka kuma ɗauki hoton fuskokinta biyu a ƙarƙashin fitila ɗaya tare da kwanan wata, domin ka samu abin kwatantawa idan ka sake duba ta bayan shekara.